Dodon Koɗi da Ruwan Malam Mahaman

Ba zan ɓata takarda wajen bayanin yadda na bar gida ba. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, na haura shekara sittin, matata ta rasu, na ajiye aikin koyarwa, kuma wani tsohon ɗalibina ya tabbatar mini cewa a Libiya ana neman masu koyar da Turanci ruwa a jallo. Na gaskata shi domin tun yana aji bai taɓa yi mini ƙarya ba. Shi ma, kamar yadda na gane daga baya, a bakin wani ya ji.

A Agadas na fara sanin cewa magana ba nauyinta ɗaya a ko'ina ba. Mahaifina musulmi ne, amma makarantar mishan ya sa ni, inda ake buga wa yaro rula a yatsu idan harafinsa ya karkace, ake kuma koya masa cewa alkawari abu ne da ake cikawa a kan lokacinsa. Dillalin mota ya ce mini gobe. Na yi wanka, na ɗaure kayana, na zauna a bakin ƙofa. Goben nan ta ci makonni. Da na tuna masa abin da ya faɗa, sai ya dube ni irin duban da ake yi wa mai taɓin hankali.

A bayan motar da ta ratsa da mu Sahara, kowa da sanda a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, Allah ya haɗa ni da mutum biyu. Malam Mahaman magini ne daga Damagaram, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, siriri, mai farin gemu, ba ya magana sai da dalili. Ilu kuwa Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, lebura, magidanci mai 'ya'ya, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a inda kowa ke salati. Shi ya laƙaba mini Mushe, wato malamin makaranta a bakin mutanen Nijar, ranar da ya gan ni ina goge takalmina a zangon Dirku, tsakiyar Sahara.

"Mushe, wa kake yi ma kwalliya cikin wanga rairayi? Raƙuma?"

Na gama ƙafar hagu na koma ta dama.

Muka isa Sabha a ƙasar Libiya, aka sauke mu a unguwar Gurda, a wani gida inda ake kwana kai da ƙafa. Na wanke rigata, na danne ta a ƙarƙashin tabarma ta miƙe, na ɗauki takardun shaidata na bi makarantu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya buɗe su. Tambaya ɗaya ce a ko'ina, ina takardar izinin zama. A wata makaranta mai gadi bai bar ni na wuce ƙofa ba, ya nuna mini tsintsiya ya tambaye ni ko shara nake nema. Da guzurina ya ƙare, sai ga ni da sassafe a bakin titi tare da leburori, muna jiran motar da za ta tsaya a ce akwai shugul, wato aiki. Masu motocin kan leƙo su zaɓi masu ƙwanji. Ba a zaɓar mai furfura da tabarau.

Malam Mahaman ne ya cece ni. Ya gaya wa wani ɗan kwangila, wanda kowa ke kira mudir, cewa ba ya gini sai da mai riƙe masa igiya, kuma ni ne mai riƙe masa. A nan na gane irinmu ɗaya. Idan layin bulo ya kauce ko da kaurin farce ne, sai ya rushe shi ya sake, ko mudir yana ihu ko ba ya yi. Ni kuma ba na sakin igiya sai ta tsaya cak. Ilu ya ce Allah ya haɗa ciwon kai biyu a ƙarƙashin hula ɗaya. Da yamma mukan ci burodi da shayi, in zauna ina duban gabas. A gida lokacin hadari ne, lokacin da jikokina ke fita tsakar gida tsirara suna tsalle cikin ruwan farko. A Sabha sama wayam take kullum, kamar an share ta.

Wajibi ne in koma baya kaɗan, domin abin da ya biyo ba zai fahimtu ba sai da shi. Kafin in zama malamin makaranta, aikina na farko a gaɓar tekun ƙasar Gana na yi shi, ina taimaka wa wani malamin jami'a mai binciken halittun bakin teku. Gaɓar duwatsu ce baƙaƙe. Teku kan cika ta rufe su, ta kuma janye ta bar su a fili. A watannin zafi, idan janyewar ta dace da tsakar rana, dutsen kan yi zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. A kan dutsen nan kuma akwai dodon koɗi iri-iri, halittun ruwa, waɗanda ba su da gudu, ba su da inda za su. Aikina shi ne in durƙusa da ma'aunin zafi in lura da yadda suke yi.

Da yake Hausa ba ta ba su suna ba, ni na raɗa musu. Akwai ɗan ƙulle, ƙarami kamar ƙwayar wake, wanda ke zama can sama inda ruwa ba ya kaiwa sai jefi-jefi. Shi da ya ji dutse ya fara ɗumi sai ya janye jikinsa duka cikin ƙwanso, ya rufe bakin da wani ɗan murfi da Allah ya yi masa, ya manne gefen ƙwanson da yauƙi, ya tsaya a kan baki-baki yadda kaɗan ne daga jikinsa ke taɓa dutsen. Wani lokaci sukan hau bayan juna, na sama ya tsira daga zafin ƙasa. Ba ya motsi, ba ya ci, ba ya zubar da ko ɗigo. Yana iya yin kwanaki a haka. Akwai masu zagaya dutse suna bin inuwa, su cunkushe a cikin tsaga. Sannan akwai mai malafa, wanda ƙwansonsa kamar hular malafa yake, a kife. Shi ba shi da murfi. Yana da gurbi ɗaya a jikin dutse wanda yake komawa kullum ya manne. Idan zafi ya tsananta sai ya ɗaga malafar kaɗan, ruwan jikinsa ya riƙa fita yana sanyaya shi. Dabara ce mai kyau muddin teku za ta dawo da wuri. Idan ta yi jinkiri, sai ya bushe, riƙonsa ya saki, ya gangaro. Bayan ranakun zafi nakan tsince su a gindin dutse, ƙwanso a rigingine, tsuntsaye sun riga ni.

Mudir ya kwashe mu zuwa wani gini a bayan unguwar Tayuri, inda gidaje ke ƙarewa. Tun ranar farko ya karɓe wayoyinmu, wai ajiya. Muna tsakiyar aiki wata rana da hantsi sai muka ji harbi daga cikin gari, ba na wasa ba. Ya zo a gigice ya ce shurɗa, wato 'yan sanda, suna kamen baƙi, mu shiga ɗakin ajiyar siminti mu ɓuya. Mu goma sha wani abu ne. Ya turo mana jarkar ruwa ɗaya da buhun burodi, ya ja ƙofar ƙarfe, muka ji ƙarar kwaɗo daga waje. Ya ce kafin magariba zai dawo. Ilu ya ce ba don shurɗa ya kulle mu ba, don kada mu watse ne ginin ya tsaya. Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Abin da na sani shi ne bai dawo ba.

Ɗakin bulo ne, daɓen siminti, rufin kwano. Babu taga sai wasu 'yan ramuka can kusa da rufi, da tsaga a ƙarƙashin ƙofa wadda hannu ke iya shiga a kwance. Washegari da rana ta take, kwanon ya fara ƙara yana sauke mana wuta. Samari suka tuɓe riguna, wasu suna dukan ƙofa da kafaɗa suna kururuwa, wani ya kamfaci ruwa ya sheƙa a ka. Na tashi na zauna a kan jarkar.

Na ce, "Daga yanzu babu mai taɓa ruwan nan sai ta hannuna, kuma da marfin jarka za a auna. Kowa ya mayar da rigarsa. Gumin da ya ɗiga ƙasa asara ne, wanda ya tsaya a riga shi ke sanyaya mutum. A bar dukan ƙofa sai da sanyin safiya. Kada wanda ya jingina da ƙarfe ko bangon da rana ke duka. Da safe mu taru a yamma, da yamma mu koma gabas. A rufe baki, a yi numfashi ta hanci."

"Wa ya naɗa ka sarki, tsoho?" in ji wani saurayi.

Na ba su labarin gaɓar teku, a taƙaice, kamar yadda na saba yi a aji. Ilu ya saurara baki buɗe.

"Jama'a kun ji! Mun baro iyalanmu, mun ƙetare Sahara, ashe katantanwa muka zo zama. To Mushe, ni zan hau bayanka ko kai za ka hau nawa?"

Aka yi dariya, dariyar ƙarshe da na ji a ɗakin. Amma sun bi. Malam Mahaman ne ya sa suka bi, domin cewa ya yi, "Ku ji maganar Malam," ya kuma fara janye tabarmarsa daga jikin bango.

Haka muka zauna, muna zagaya ɗaki muna bin inuwar da ido ba ya gani. Burodi ya bushe ya ƙi haɗiyuwa. Harbi ya yi nisa, ya dawo, ya sake yin nisa. Idan lokacin salla ya yi mukan buga tafin hannu a bango mu yi taimama. Ina raba ruwa marfi-marfi, ina kallon maƙogwaron kowa har ya haɗiye. Mutum ɗaya ne ban kalla ba, saboda girmansa. Malam Mahaman kan miƙo wani gwangwanin kifi in zuba masa, ya ce zai sha a hankali, ya koma bayan buhunan siminti inda ya keɓe wa kansa wurin salla.

A ranar da jarkar ta koma ƙasa da rabi na lura leɓɓansa sun tsage fiye da na kowa, idanunsa sun faɗa. Da azahar na bi shi bayan buhunan. A kan daɓen akwai sawun ƙafa biyu a jiƙe, suna bushewa ina kallo. Ashe alwalla yake yi da rabonsa.

Na ce, "Malam, ruwan nan na ciki ne, ba na ƙafa ba."

"Rabona ne ko ba rabona ba ne?"

"Rabonka ne."

"To, kowa da inda yake kai nasa."

"Ka yi taimama kamar yadda muke yi."

"A kan me? A kan siminti, abin da aka ƙona da wuta? Ƙasa aka ce, ko dutse yadda Allah ya yi shi. Tun ina yaro haka malamina ya karantar da ni. Kai da ka yi karatu wurin 'yan mishan, buga bango, Allah ya karɓa maka. Ni ban iya ba."

Bai faɗa don ya ci mini fuska ba. Da a kan zafi da gumi ne, da na kayar da shi. A kan wannan kuwa ba ni da tsayin da zai saurare ni. Na kira Ilu. Ya rarrafa ya karkaɗe lungu-lungu ya tara ƙura a tafin hannu ya kawo. Malam Mahaman ya murza ta, ya shinshina.

"Garin siminti ne."

Ilu ya zura hannu ta ƙarƙashin ƙofa har fatar hannunsa ta saluɓe. Daɓen ya zarce waje fiye da inda yatsunsa ke kaiwa. Mu muka zuba shi da hannunmu, kuma Malam Mahaman ne ya tsaya a kan sai an faɗaɗa shi.

"Baba, don Allah don Annabi," in ji Ilu, "ka yi alwalla da naka, ka sha nawa."

"Kai mai ƙananan 'ya'ya? In sha ruwanka in ce da Allah me?"

"To ka sha rabi."

"Rabi ba ya kaiwa ga ƙafafu. Na gwada."

Na yi tunanin ƙara masa awo a ɓoye. Amma idanu goma sha wani abu suna kan marfin nan, kuma na san shi, da ya gane an fifita shi ba zai karɓa ba. Na kai masa marfin bakinsa da hannuna, ya datse haƙora ya kawar da kai, ya ce in ya sha da me zai yi la'asar. Na durƙusa gabansa, abin da ban taɓa yi wa wani mahaluki ba bayan mahaifina, na roƙe shi. Ya dafa kafaɗata ya ce in tashi kada in ɓata wandona.

Na san abin da nake kallo. Na yi shekara da shekaru ina kallonsa a kan dutse, ina rubuta shi da kyakkyawan rubutu. Mutum ne da ya manne a gurbinsa, ba shi da murfi, yana fitar da ruwan da ya rage masa da fatan teku za ta dawo. Sai dai a can ban taɓa sanin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Washegari gumi ya daina fito masa. Fatarsa ta yi zafi ta bushe. Ya fara kirana da sunan wani ƙanensa, yana cewa in ja igiya ta karkace. Amma da an ce lokacin salla ya yi, sai hankalinsa ya dawo tsaf, ya lalubi gwangwaninsa.

Da hantsin ranar muka ji kukan awaki. Duk muka auka wa ƙofa. Wata murya ta tsohuwa ta yi magana da Larabci, a tsorace. Da ta ji da Hausa muke kururuwa, sai ta ce da wata irin Hausa mai nauyi, "Ku mutanen Hausa? Kakana ta zo daga Kano. Wa ya rufe ku?"

Hajja Mabruka sunanta, Bafazzana ce, wato 'yar asalin yankin, tana kiwon 'yan awakinta a bayan gari. Kowa yana ihun ruwa. Ta ce ba ta da shi a hannu, famfon unguwa ya ƙafe tun da wuta ta ɗauke, sai 'ya'yanta sun je rijiyar gona da mota, hanya kuma akwai masu bindiga. Za ta aika su, su zo da abin yanka kwaɗo, amma ba yanzu ba. Na ture samarin na kwanta rub da ciki, na sa bakina a tsagar ƙofa.

"Inna, kafin ki tafi, ki nemo mana dutse. Falale, wanda zai shiga nan. Ba bulo ba, ba fasasshen siminti ba. Dutse."

"Ya haukace!" in ji saurayin nan. "Muna mutuwa yana roƙon dutse!"

"Rufe mana baki, ɗan nema," in ji Ilu. "Inna, dutse, don girman Allah."

Ba ta tambayi dalili ba. Muka ji takunta ya yi nisa, ya dawo. Na farko ya ƙi shiga. Na biyu ya shigo yana gogar ƙarfe, ja-ja, faɗinsa kamar tafin hannu, da ɗuminsa. A bayansa ta turo dabino guda-guda, duk abin da ke ƙulle a bakin mayafinta.

Ilu ya tallafo Malam Mahaman ya zaunar da shi a ƙirjinsa. Na ɗora masa dutsen a cinya. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa, ya juya shi, ya kankare gefe da farce, kamar yadda yake duba kayan gini kafin ya yarda da su.

"Wannan na Allah ne," ya ce.

Ya buga tafukansa, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa har gwiwar hannu, bai tsallake ko yatsa ba. Sa'an nan ya dube ni.

"To, Malam. Kawo."

Na ba shi marfi ɗaya, ya haɗiye da ƙyar. Na ba shi na biyu. Na ba shi abin da ke cikin gwangwaninsa. Na kwance rawaninsa na jiƙa shi daga jarka na shimfiɗa masa a wuya da ƙirji, na sa biyu daga cikin samarin suna yi masa fifita da takardar buhu. Babu wanda ya yi ƙorafin ruwan, har wanda ya kira ni mahaukaci. Da azahar ta yi ya sake shafar dutsen ya yi salla a zaune da nuni. Bayan ya sallame bai ƙara magana ba.

Sai bayan la'asar 'ya'yan Hajja Mabruka suka iso da mota da ganga cike da ruwa, suka datse kwaɗon. Asibiti yana can ɓangaren da ake harbi, ba ta biyuwa. Gidanta suka kai mu, muka kwantar da shi a gindin dabino, muna ta kwara masa ruwa, tsohuwar tana zaune a gefensa tana kiransa ɗan'uwana. Ya cika kafin rana ta faɗi. Mutanen unguwa, Fazzanawa da 'yan Nijar, suka yi masa sutura kamar sun san shi tun fil azal.

Daga baya na tambayi malamai, a Sabha da kuma bayan na komo gida, domin ban taɓa samun aikin koyarwar ba. Bakinsu ya zo ɗaya cewa addini bai ɗora masa abin da ya ɗora wa kansa ba, rai yana gaba da alwalla, kuma wanda ya rasa ruwa da ƙasa ma akwai sauƙin da aka yi masa. Na yarda da su. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin nan.

Kafin mu bar Tayuri, Ilu ya samo lambar gidan mamacin a wurin wani ɗan Damagaram, ɗan Hajja Mabruka ya ara mana waya. Ilu ya danna, ya ji ta shiga, sai ya cusa mini ita a hannu ya juya fuska ga bango.

"Kai ne babba, Mushe. Ni bakina ba ya iyawa."

Matarsa ce ta ɗauka. Na gaishe ta, na faɗi sunana, na gaya mata. Ta yi salati, ina jin kukan kaji a bayanta. Ba ta tambayi kayansa ba, ba ta tambayi inda aka binne shi ba.

"Malam, an ce ƙasar nan ƙishirwa ke kashe mutane. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ya samu ruwa?"

Ban saba faɗin abin da ba haka yake ba, kuma ban yi niyyar farawa da ita ba. Na tsaya na zaɓi kalmomina.

"Ya sha ruwa, Hajiya. Da hannuna na ba shi. Ya yi sallarsa kuma."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "To, Alhamdu lillahi."